Ribar Gwanjo da Leshin Maƙwabciya

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Tudun Wada, Zariya, 'ya'yana biyu. Shekara biyu ke nan ina sana'ar gwanjo ta waya. Nakan je kasuwar Sabon Gari in zaɓo masu kyau, dogayen riguna da jakunkuna da kayan yara, in wanke, in goge, in ɗauki hoto in ɗora a WhatsApp da Instagram. Yawancin masu sayena ɗaliban Samaru da Kongo ne, sai ma'aikata, wasu ma har Kaduna da Abuja nake ba direba ya kai musu. Akwai mai dila guda da muka saba, idan zai fasa sabuwa yakan kira ni tun dare don in riga kowa zaɓa.

Rigar da na saya 2,500 nakan sayar 8,000 ko 9,000. Ba na cewa gwanjo ce, "kayan Ingila" nake rubutawa, wadda ta gane ta gane. Kwanan baya wata ta gano, ta wanke ni tas a gurup ɗinmu na mata, ta ce ni macuciya ce. Yayata kuma ta ce ribar ta yi yawa, haram ce, kuma irinmu ne muka sa gwanjo ya fi ƙarfin talaka, alhali Turawa sadaka suka bayar da shi. Maigidana ya ce hassada ce kawai, in rabu da su.

Sai wani ɗan ƙaramin abu. Maƙwabciyata da ta fita takaba ta kawo min leshinta uku da mayafai biyu da jaka, ta ce in duba mata nawa za su yi tunda ni na san kasuwa, kuɗin makarantar yara take nema. Na ce 45,000, ta ce to, na biya ta nan take, har tana ta godiya. Cikin mako guda na sayar da su 120,000. Ban tilasta ta ba, Anti. Amma tun ranar, in na jiyo muryarta ta katanga sai gabana ya faɗi. In bar sana'ar ne?

Ƙanwarki daga Tudun Wada

*

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kin ce "ɗan ƙaramin abu", kika maƙala shi a gindin wasiƙa kamar gyaran mai tumatir. To shi ne babban, kuma ke ma kin sani, tunda wankin da aka yi miki a gurup bai faɗar miki da gaba ba, muryar bayan katanga ce ta yi. Za mu je kansa. Bari dai in fara sauke miki kayan da aka ɗora miki waɗanda ba naki ba, don ki sami wuyan ɗaukar naki.

Zancen cewa ribarki haram ce saboda yawanta, wannan yayarki ta faɗi son ranta ne. Shari'a ba ta yanka wa riba iyaka ba. A cikin Buhari akwai labarin Urwatul Bariƙi, wanda Annabi (SAW) ya ba dinari ɗaya ya sayo masa akuya. Ya je ya sayo biyu da dinarin, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari a hannu. Abin da ya saya rabin dinari ya sayar dinari cur, a fita ɗaya. Ba a tsawata masa ba, addu'ar albarka aka yi masa, har ana cewa ko ƙasa ya saya sai ya ci riba a kanta.

Yayarki ta ga 2,500, ta ga 9,000, ba ta ga abin da ke kwance a tsakaninsu ba. Kuɗin keke daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari da dawowa da buhu. Omo, da ruwan da kike saye wurin 'yan garuwa. Gawayin guga ranar da babu wuta, wato kusan kullum. Data, leda, kuɗin kai kaya tasha. Ga waɗanda suka yi kwantai, ke kaɗai kika san nawa ne a cikin kowane goma suke ƙarewa a ƙasan akwati ko a jikin ƙannenki. Sai kuma abin da ba a iya rubutawa a littafin lissafi, wato ido.

Na taɓa tsayawa wurin fasa dila da sanyin safiya, ina jiran wata 'yar'uwata. Mai dila ya sa wuƙa ya datse igiyoyin, dilar ta yi wani kumburi kamar ta saki numfashi, warin nan na gwanjo da ba ya ɓuya ya tashi. Mata suka yi caa. Wannan ta fizga ta rataya a kafaɗa, waccan ta danne tsibi da gwiwa tana jawo wani. Amma akwai wata a gefe da ba ta hayaniya. Yatsa biyu take sawa ta murza yadi, ta juya wuyan riga ta karanta lamba, ta ɗaga hammata ta haska a rana, ta ja zif sama da ƙasa, ta shinshina. A cikin riguna ashirin ta ɗauki uku. Ni da nake tsaye duk ɗaya na gan su. Wannan idon shi ɗalibar Samaru take biya, ita da take da lacca ƙarfe takwas, ba ta da lokacin durƙuso a kan tsibi, ko ta durƙusa ma ba za ta iya bambance auduga da roba ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Maganar sadakar Turawa kuma, bari in ba ki labarin hanyar da rigar nan ta biyo kafin ta zo hannunki, ki kai wa yayarki. Gaskiya ne a Ingila da Amurka mutane kan kwashe tsofaffin kayansu su kai shagunan ƙungiyoyin agaji kyauta, irin su Oxfam, da Goodwill da aka kafa a Boston tun 1902. Sai dai waɗannan shagunan sayarwa suke yi, kuɗin ne suke aikin agajin da shi. Abin da ya ƙi sayuwa, kuma shi ne mafi yawa, sai su auna wa kamfanonin tsince a kilo. Su kuma su ware, na mata daban, na yara daban, mai daraja ta ɗaya daban, mai ta uku daban, su matse da inji a dila mai kilo 45 ko 55, a cika kwantena. Da yake gwanjo yana cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta hana shigowa da su Nijeriya, yawancinsa a Kwatano da Lome yake sauka, daga nan ya san yadda ya yi ya tsallako. Ya bi ta hannun manyan 'yan sari, ya iso irin su Ƙofar Wambai a Kano da Kasuwar Barci a Kaduna, kafin mai dilarki ya samo tasa. Duk hannun da rigar ta bi sai da ya yagi rabonsa. Sadakar ta ƙare tun a bakin ƙofar shagon farko. Ke ce ta ƙarshe a layin, kuma ke ce yayarki take iya gani, shi ya sa laifin kowa ya taru a kanki.

Tsadar ma ba daga wayarki ta fito ba. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, kowa ya ga yadda kayan Kwatano suka yi tashin gwauron zabi. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya ninka. A watan Yunin 2023 ɗin aka saki Naira ta nemi farashinta, dalar da gwamnati ke bayarwa wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Dila kuwa da dala da sefa ake sayo ta. Ko duk masu sayarwa a Instagram na Zariya sun ajiye sana'a gobe, dila ba za ta koma farashin da ba. Abin dariya, irin wannan rigimar ake yi a can inda kayan suke fitowa: ana zargin masu tsintar na kirki a shagunan agaji suna ɗorawa a shafukan ciniki na intanet irin su eBay da Depop da cewa su suka tayar da farashi, alhali a kasuwar Kantamanto ta Accra tsummokaran da suka rasa mai so har bakin teku suke cikawa. Gwanjo bai yi ƙaranci a duniya ba, mai kyan ne ya yi. In kuwa kuka ake so a yi, a yi shi a kan masaƙun Kakuri a Kaduna, inda aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a 1957 ta rufe a 2002, har muka wayi gari jikokin masu noman auduga suna kokawa a kan rigar da wani ya gaji da ita.

Duk da haka ba zan ce yayarki ta rasa gaskiya kwata-kwata ba. Kiran da mai dila yake miki tun dare ba laifi ba ne, kayansa ne, wanda ya ga dama zai fara sayar wa. Har ma akwai abin da masu zagi ba sa lura da shi: a zaɓin farko mai dila yake fitar da uwar kuɗinsa, shi ya sa yake iya kasa ragowar a ƙasa yana ƙwala kiran araha da yamma. In babu mai sayen na sama da tsada, na ƙasan ba zai yi sauƙi ba. A doguwar riga da jakar gayu, zaɓi son ranki.

Inda nake so ki ja hannu shi ne rigunan sanyin yara lokacin hunturu. Kin san sanyin Zariya a Disamba da Janairu, yadda yaro ke fitowa makaranta leɓe a tsage. Matar da ta taso daga ƙauye da 'yan kuɗinta ƙulle a bakin zani ba ado ta zo nema ba. In ta iso ta tarar an kwashe duk mai kauri tun asuba, an bar mata mai shara-shara da wadda gwiwar hannu ta huje, to an yi mata abin da ba a kyauta ba ko da ba a karya doka ba. Imamu Malik bai taƙaita hanin ɓoye kaya ga abinci kaɗai ba, ya haɗa har da ulu da kittani da duk abin da ɗauke shi zai cutar da kasuwa. Ban ce ke mai ɓoye kaya ba ce, ba ki kai nan ba. Amma dalilin hanin ya isa ya sa ki ɗauki biyar inda za ki iya ɗaukar talatin. Wannan ba fatawa ba ce, shawarar yaya ce.

Yanzu mu zo inda kike da laifi.

"Kayan Ingila, wadda ta gane ta gane." Wadda ba ta gane ba fa? Ai dominta kika zaɓi kalmar. Da kowa zai gane, da kin rubuta gwanjo kin huta. Ba ki yi ƙarya da baki ba, kin dai gina rami kin rufe da tabarma kin koma gefe. Kin san hadisin da ke cikin Muslim, ranar da Annabi (SAW) ya tura hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa. Aka ce masa me ya hana ka ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Lura, mutumin nan ma bai ce "busasshe ne" ba. Shiru kawai ya yi, ya bar tsarin tsibin ya yi masa ƙaryar. Kuma in kin bi ta kan dokar ƙasa, ita ma ba ta bar ki ba: dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta wajabta wa mai sayar da kayan hannu ya bayyana a fili cewa an yi amfani da su.

Abin ya fi nauyi a waya. A kasuwa mai saye tana da hannu da hanci, ta juya ta shinshina, in an cuce ta da rabin laifinta. A waya cinikin biri a sama take yi, hotonki ne idonta, maganarki ce hannunta. Ni kaina an taɓa yi min. Na ga wata baƙar abaya a hoto, an rataye ta jikin farin bango, an rubuta "sabuwa dal". Na tura kuɗi, direba ya kawo. Turaren wuta aka turara ta da shi har ya yi yawa, wannan ne ya fara sa ni zargi. Na juya ta, sai ga ƙunar dutsen guga a bayan gwiwa, kamar faɗin tafin jariri, an ninke wurin a hoto. Na sa hannu a aljihu na zaro wani tsohon tikitin mota da rubutun da ban iya karantawa ba. Abayar tana da kyau, wallahi da an ce min ta hannu ce, ga ƙuna a wuri kaza, da na saya a kan kuɗin da bai yi ƙasa da haka sosai ba, don wurin ba ya nunawa in an sa. Amma ban sake buɗe hoton yarinyar nan ba, kuma duk wadda ta tambaye ni sai na ba ta labarin tikitin. Ta ci ribar abaya ɗaya, ta rasa ni da ƙawayena.

Don haka ki rubuta gwanjo, ko "na hannu, zaɓin farko, an wanke an goge". In akwai tabo ki ɗauke shi hoto daban, ki ɗora yatsa kusa da shi a ga girmansa. Ki ɗauki hoto a hasken rana, ki bar abin nan da ke mayar da koɗaɗɗen shuɗi ya koma sabo. Ki sa tef ki auna ƙirji da tsawo ki rubuta, don lambar Turawa ba ta faɗa wa Bahaushiya komai. Ki faɗi sharaɗinki tun kafin a turo kuɗi: in kaya ya saɓa wa abin da na faɗa, a dawo da shi cikin kwana biyu a karɓi kuɗi. Na san tsoronki, kar a ji gwanjo a gudu. Waɗansu za su gudu. Amma ɗalibar da ke sayen riga 8,000 ta san sarai nawa sabuwa irinta take a shago, yawancinsu sun daɗe da ganewa, abin da ba sa so a raina musu hankali.

Ba dole ba ne ki faɗa wa kowa nawa kika saro. Sirrin ɗan kasuwa ne. In an tambaye ki ki ce albarka, farashina ke nan. Abin da ba za ki yi ba shi ne rantsuwar nan ta bakin kasuwa, "wallahi ko uwar kuɗina ban mayar ba", alhali kin ninka uku. Da zarar kin ambaci abin da kika saya, to dole ya zama gaskiya, don a kansa mai saye take gina tayinta.

Wadda ta wanke ki a gurup, kar ki rama a gurup. Ki bi ta ta gefe ki ce kin yi gaskiya, ban bayyana ba, in kina so ki dawo da rigar ki karɓi kuɗinki. Maigidanki da ya ce hassada ce, yana kare matarsa ne, Allah Ya saka masa. Wataƙila akwai hassadar. Amma mai hassada ma yakan faɗi gaskiya wani lokacin.

To, maƙwabciya.

Da a ce kin tarar da leshin nan uku a kase a Sabon Gari, ɗan kasuwa ya ce 45,000, kika biya kika sayar 120,000, da sai in ce Allah Ya ƙara buɗi. Shi ɗan kasuwa ne, ya san inda ya fito, ke ma kin san inda za ki. Amma baiwar Allah nan ba tallar leshi ta kawo miki ba. Sake karanta abin da kika rubuto da hannunki: ta ce ki duba mata nawa za su yi, tunda ke kika san kasuwa. Tambaya ta kawo. Ta ɗauki idonki, wannan idon da na gama yabo, ta ce ki ara mata. Ke kuma kika tsaya a wuri biyu lokaci guda, ke ce mai kimantawa, ke ce mai saye, kika bar mai sayen ta yi magana da bakin mai kimantawar. Hadisi ya ce wanda aka nemi shawararsa, amana aka ba shi. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya suna da suna ga irin wannan mutum, mustarsil, wato wanda ya saki jiki ya ce ban san farashi ba, yi min yadda ake yi wa mutane. Sun ce in aka ƙware shi yana da ikon warware cinikin. "Ban tilasta ta ba" gaskiya ne. Yardarta dai a kan maganarki ta ginu, maganar kuwa ba ita ce abin da kika sani ba.

Za ki ce ai ban san za su kai 120,000 ba. Na yarda, ƙila kin yi tsammanin 90,000 ko 100,000. Amma kin san sun wuce 45,000 nesa ba kusa ba, in ba haka ba me ya sa kika biya nan take ba ki ce bari in gwada tukuna ba?

Muna yara a cikin birni akwai dillaliyar da ke shigowa gidanmu, tsohuwa, da ƙunshi a ka da goro a kunci. Mata ba sa fita, ita ce kasuwarsu. In mahaifiyarmu ta matsu ta fito da zani ko kwalla daga ƙarƙashin gado, tsohuwar nan ba ta cewa ga abin da zan ba ki. Takan ɗauka ta zaga gidaje kwana biyu, uku, ta dawo ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta ce, "An taya kaza a gidan wane, an ƙara kaza a wani gidan, a sallama ko in ƙara zagawa?" In an sallama ta kawo kuɗin cif, a cire mata la'adarta a gabanta. Ranar da kayan ya shiga ranta kuwa takan faɗa: "Wannan ni nake so, amma bari in kai a taya tukuna, in biya abin da aka taya." Ba ta yi boko ba, ba ta yi zurfi a allo ba, ta dai san ba a zama alƙali a shari'ar da ake da rabo a ciki. Sana'ar da kike yi jikar tata ce, wayar ce kawai ta maye gurbin ƙunshi. Abin da maƙwabciyarki ta zo nema dillaliya ce, ta tarar da 'yar sari.

Gyaran ba shi da wuyar lissafi, wuyarsa a ƙafa take. Tsakanin abin da kika ba ta da abin da kika karɓa akwai 75,000. Ki cire abin da kika kashe na haƙiƙa, wanki da guga da data da kai kaya tasha, a ce 5,000. Ki cire la'adar da da kin faɗa mata tun farko za ta yarda da ita ba musu. In kin ɗauki goma cikin ɗari, 12,000 ke nan. Saura 58,000. Nata ne, ko in ce na yaran nan da aka sayar da leshin domin karatunsu. In kuɗin ya riga ya shige cikin jari, ki kai abin da ya samu yanzu, ki yanka wa sauran rana, ki cika.

Abu ɗaya nake roƙonki, don na san dabarar da zuciya za ta kawo miki. Kar ki kai kuɗin da sunan taimako. Kar ki sayi shinkafa da mai ki aika yaro ya ce in ji Mama a yi wa marayu girki. Kar ki tura ta banki ki yi shiru ta ga alat ta yi ta sa miki albarka. In kin yi haka kin karɓi godiya sau biyu a kan haƙƙin da yake nata. Ta gode miki ranar da kika rage mata, ba za ta sake gode miki ranar da kika mayar ba tana zaton kyauta ce. Ki faɗa mata yadda abin yake: "Maman yara, kayan nan sun yi kuɗi fiye da yadda na faɗa miki, kuma tun a lokacin na san za su fi haka. Ban kyauta ba. Ga abin da aka sayar, ga abin da na kashe, ga la'adata in kin yarda, ga naki. Ki yafe min." Iyakarta ke nan, kar ki tsawaita, kar ki kawo uzurin tsadar rayuwa a gaban wadda ta fi ki sanin ta.

Mai yiwuwa ta yi kuka ta ce ki bar wani abu. Kar ki je da fatan haka a ranki, in ta matsa ki karɓi kaɗan don kar ki gwale ta. Mai yiwuwa kuma ranta ya ɓaci, ta yi kwana biyu ba ta amsa sallamarki da sakin fuska ba, ko labarin ya fita unguwa. Ki daure, tana da haƙƙin fushin. Ki sanar da maigidanki kafin ki je, don kuɗi ne za su fita daga jari, amma sanarwa ce, haƙƙin mutane ba ya jiran sai an ga dama.

Sana'a kuwa kar ki bari. Wa zai amfana in kin bari? Mai dila zai kira wata ne tun dare. Hasali ma wannan abin ya nuna miki wata ƙofa: daga Tudun Wada zuwa Gyallesu da Tudun Jukun, akwatuna nawa ne cike da leshi da atamfar lefe da aka sa sau ɗaya, masu su suna bukatar kuɗi, suna jin nauyin a gan su da ƙunshi a kasuwa? Dillaliya mai waya suke nema, wadda za ta ce la'adata kaza, ga hoton cinikin, ga kuɗinki. Amma wannan sai kin fara wucewa ta ƙofar da ke jikin katangarki.

Ki je bayan Isha'i, lokacin da yara suka kwanta kuma ba baƙi. Ki rubuta lissafin a takarda, kowane leshi da abin da aka saye shi, mayafan da jakar, ki riƙe wayarki ko za ta so ganin alat ɗin da idonta. Kuɗin ki sa su a ambulan, kar ki ƙirga a tsakar gida.

Yayarki, Anti